Yadda Ake Tara Kawunan Sarkin Tunawa da Cikar Shekarun Ƙungiyoyin Ƙasashe

Duk ƙungiyar ƙasashen da ta cika shekara 10, ko 25, ko 50 da kafuwa, sai ka tarar gidajen waya na ƙasashen da ke cikinta sun buga kan sarki na musamman don tunawa. Irin wannan kan sarki ba ya daɗewa a kan kanta. Akan buga adadi ƙayyadadde, a sayar na 'yan watanni, a janye ragowar. Yawancin masu fara tarawa kara-zube suke yi: na Majalisar Ɗinkin Duniya ɗaya, na OPEC biyu, duk a cuɗe cikin ambulan guda da masu hoton tsuntsaye da na 'yan ƙwallo. Alhali wannan fanni yana da abin da sauran ba su da shi, wato kalanda. Tun kafin ka ɗora ido a kan kan sarkin kana iya sanin shekarar da ya kamata a buga shi, da ƙasashen da ake sa ran za su buga. Aikin gaba ɗaya a kan wannan kalanda yake tafiya.

Mataki na farko: tsaya kan ƙungiya ɗaya

Taura biyu ba ta taunuwa. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da ƙasashe 193, Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, UPU, tana da 192. Wanda ya ce zai haɗa duk abin da aka buga wa waɗannan biyun ya ɗauko aikin da ba zai ga ƙarshensa ba. Mai farawa ya fi dacewa ya ɗauki ƙungiya mai 'yan ƙasashe kaɗan, kamar OPEC, ko ECOWAS, ko ASEAN ta kudu maso gabashin Asiya, inda jerin ƙasashen bai wuce shafi ɗaya ba. In kuwa babbar ƙungiya ce ta kwanta maka a rai, to yanki biki ɗaya daga cikinta: cikar UPU shekara 75 a 1949 kaɗai, ko cikar Majalisar Ɗinkin Duniya shekara 25 a 1970 kaɗai.

A ganina, bikin 1949 na UPU ya fi kowanne daɗin koyon aiki. Ƙasashen da Ingila ke mulka a lokacin sun buga huɗu-huɗu da zane iri ɗaya, sunan ƙasa da kuɗin da launi ne kawai suka bambanta. In ka jera su kusa da juna, idonka zai saba da gano ɗan ƙaramin bambanci, wanda shi ne rabin sana'ar.

Mataki na biyu: rubuta kalandar ƙungiyar

Samo ranar kafuwa, ka ƙara mata 10, 20, 25, 30, 40, 50, 60, 70, 75, 80 da 100. Ga ranakun wasu daga cikin ƙungiyoyin da aka fi buga wa kan sarki:

- UPU: 9 ga Oktoba 1874, a birnin Bern na Suwizalan
- Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa: 22 ga Maris 1945, a Alƙahira
- Majalisar Ɗinkin Duniya: 24 ga Oktoba 1945
- NATO: 4 ga Afrilu 1949
- Yarjejeniyar Rum, tushen Tarayyar Turai: 25 ga Maris 1957
- OPEC: Satumba 1960, a Bagadaza
- Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, OAU: 25 ga Mayu 1963, a Addis Ababa
- ASEAN: 8 ga Agusta 1967, a Bankok
- Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, OIC: 25 ga Satumba 1969, a Rabat
- ECOWAS: 28 ga Mayu 1975, a Legas

Sai dai lissafin ba kullum yake fita daidai ba, kuma a nan ne mutane ke ruɗewa. Ƙungiya takan kasance da ranar haihuwa biyu: ranar da aka sa hannu a yarjejeniya, da ranar da ta fara aiki. An sa hannu a yarjejeniyar Bern a 1874, amma sai 1 ga Yuli 1875 ta fara aiki. Don haka Suwizalan ta yi bikin shekara 25 na UPU a 1900, ba a 1899 ba, sannan da aka zo bikin shekara 50 aka koma ƙirga daga 1874, aka yi shi a 1924. Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ma an sa masa hannu ranar 26 ga Yuni 1945 a San Faransisko, ya fara aiki a Oktoba, shi ya sa za ka ga wata ƙasa ta fitar da nata a Yuni, wata a Oktoba. UNESCO kuwa an amince da tsarinta a Nuwamba 1945, ta fara aiki a Nuwamba 1946, kuma a 1966 aka buga mata kawunan sarkin shekara 20.

Akwai kuma ƙungiyar da ta sauya suna ta riƙe tsohon lissafi. An ƙaddamar da Tarayyar Afirka a Durban a Yulin 2002, amma a 2013 ta yi bikin shekara 50, tana ƙirgawa daga OAU ta 1963. Ka ba kowace shekara a kalandarka sarari na shekara ɗaya gaba, domin akwai gidajen wayan da suke makara. Wasu kawunan sarkin bikin 1949 sai a 1950 suka fito.

Mataki na uku: wa ke ciki a wannan shekarar?

Ƙarƙashin kowace shekarar biki, jera ƙasashen da ke cikin ƙungiyar a daidai lokacin, ba na yau ba. OAU ta fara da ƙasashe 32. Maroko ta fice a 1984, ba ta dawo ba sai 2017, saboda haka babu dalilin sa ran nata a bikin shekara 25 na 1988. Afirka ta Kudu sai 1994 ta shiga. OPEC ta fara da biyar: Iran, Iraƙi, Kuwait, Saudiyya da Benezuwela. Cikin waɗanda suka shiga daga baya, Ƙatar ta fice a 2019, Angola a farkon 2024. Mauritaniya ta bar ECOWAS a 2000, Mali da Burkina Faso da Nijar kuma a Janairun 2025, 'yan watanni kafin ƙungiyar ta cika shekara 50. Suwizalan, duk da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke ƙasarta, ba ta zama mamba ba sai 2002.

A ƙarshen jerin ka ƙara ƙasar da hedikwatar take, ko da ba mamba ba ce. Ostiriya ba ta cikin OPEC, amma hedikwatar na Biyana, kuma ta buga wa ƙungiyar kan sarki a 2010.

Daga nan sai katalog. Manyan huɗu ne: Stanley Gibbons na Ingila, Scott na Amurka, Michel na Jamus, da Yvert et Tellier na Faransa. Kowanne ya jera kawunan sarkin kowace ƙasa bi da bi, da ranar fitowa, da lamba, da hoto. Buɗe ƙasa, ka je shekarar, ka duba ko ta buga, guda nawa, kuɗin kowanne nawa. Ba sai ka sayi na bana ba, tsohon bugu ya wadatar, tunda abin da aka buga a 1973 ba zai canja ba. Ka dai tsaya kan katalog ɗaya, domin lambobinsu ba sa haɗuwa, kuma dillali zai tambaye ka lambar wane kake nufi. Farashin da ke ciki kada ya ruɗe ka, a kasuwa yawanci ƙasa da haka ake sayarwa.

Ƙasar da ka tabbatar ba ta buga ba, kar ka goge sunanta. Sa mata alama ka bar ta a jerin. Shirun da ƙasa ta yi a ranar bikin ƙungiyarta ma labari ne.

Mataki na huɗu: koyi karanta fuskar kan sarki

Abu huɗu ake nema: sunan ƙasa, tambarin ƙungiya, shekaru biyu, da kuɗi. Sunan ƙasa yakan zo da harshenta. Helvetia ita ce Suwizalan, Magyar Hangare ce, Suomi Finlan, Nippon Japan. Haute-Volta ita ce Burkina Faso kafin 1984, Dahomey kuma Benin ce kafin 1975. Wanda ka duba ka rasa sunan ƙasa sai ɗan hoton kan sarauniya ko sarki a kusurwa, na Birtaniya ne, ita kaɗai ce ba ta rubuta sunanta.

Sunan ƙungiyar ma yana juyawa. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci ONU za ka gani a madadin UN, OUA a madadin OAU, CEDEAO a madadin ECOWAS, OTAN a madadin NATO, OPEP a madadin OPEC. Da yawa kuma da lambobin Rumawa suke rubuta shekarun: X goma, XXV ashirin da biyar, L hamsin. In rubutun ya gagare ka gaba ɗaya, tambari zai fishe ka. Na Majalisar Ɗinkin Duniya taswirar duniya ce tsakanin rassan zaitun biyu. Na NATO tauraro ne mai tsini huɗu irin na kamfas. Na UPU ƙwallon duniya ne da mutum biyar suna shawagi kewaye da shi suna miƙa wa juna wasiƙa, an ɗauko shi daga mutum-mutumin da aka kafa a Bern a 1909.

Majalisar Ɗinkin Duniya tana da wani abu nata daban: ita da kanta tana buga kan sarki. Ta fara a Niyu Yok ranar 24 ga Oktoba 1951 da kuɗin dala, ta ƙara Janiba a 1969 da faran na Suwizalan, sannan Biyana a 1979 da shilin na Ostiriya, wanda daga baya ya koma yuro. Ba sa aiki sai a kan wasiƙar da aka jefa a ofisoshin nata. Ke nan kowane biki daga 1979 zuwa yau gurbi uku za ka tanadar wa Majalisar, ban da na ƙasashe.

Wani abin lura: kawunan sarkin Europa, masu nuna haɗin kan Turai, da ƙasashe shida suka fara a 1956, wato Beljiyam, Faransa, Jamus ta Yamma, Italiya, Lukzambag da Holan, kusan duk shekara ake buga su. Ba na cikar shekaru ba ne, in ban da 'yan kaɗan. Yanke shawara tun wuri ko suna cikin tarinka, in ba haka ba za su cinye maka albam.

Mataki na biyar: kayan aiki

Ba su da yawa. Hantsaki mai faɗin baki marar haƙori, domin gumin yatsa yana barin tabo a gam. Gilashin ƙara girma. Littafin ajiya mai aljihuna a jere. Sai ma'aunin haƙora, ɗan kati ne da ake ɗora gefen kan sarki a kai a ga huda nawa ke cikin santimita biyu, shi ne lambar 13 ko 14 da katalog ke rubutawa. Salatif da gam na ofis kuwa, ko kusa da teburin kada su zo.

Mataki na shida: samowa, da tantance na gaske

Hanyoyin su ne tsofaffin ambulan na wasiƙu, musaya da wasu masu tarawa, dillalai, gwanjon intanet, da sashen masu tara kan sarki da yawancin hukumomin gidan waya suke da shi. Kafin ka biya, nemi hoton gaba da na baya. Baya ne ke tona asiri: nan ake ganin inda takarda ta sirance, da ɗigon tsatsa, da sawun abin da aka taɓa liƙa masa.

Kan sarki iri uku ne a kasuwa. Akwai sabo fil da gam ɗinsa, wanda ba a taɓa liƙawa ba. Akwai wanda ya yi tafiya a kan wasiƙa, ya sha hatimi. Na ukun shi ne mai ruɗi. Ɗauke shi da hantsaki ka duba: hatimin yana kusurwa, tsaf, rubu'in da'ira kamar an auna, bai taɓa hoton ba. Juya bayansa, sai ka ga gam na nan yana sheƙi. Wannan bai taɓa ganin jakar wasiƙu ba, tun a takarda guda aka buga masa hatimi don a sayar wa masu tarawa da araha. Ba jabu ba ne, kana iya cike gurbi da shi, amma kada a karɓi kuɗin wanda ya yi tafiya a hannunka.

Jabun gaske shi ne wanda wasu ke bugawa da sunan wata ƙasa ba da sanin gidan wayanta ba. Ƙasashen Afirka da na tsohuwar Tarayyar Sobiyet sun fi shan wannan. Saboda haka UPU ta buɗe rajistar da ake kira WNS tun 2002, inda hukumomin gidan waya ke shigar da abin da suka buga da gaske. Ba duk ƙasashe ke shigarwa ba, don haka rashin ganin kan sarki a can bai isa hujja ba, sai ka haɗa da katalog. In babu shi a duka biyun, bar shi.

Akwai kuma na halak amma marar ma'ana. Lokacin da kawunan sarkin Europa suka cika shekara 50, wajen 2005 da 2006, ƙasashen da ko kusa da Turai ba su suka yi ta buga na taya murna, don kawai masu tarawa su saya. Ni dai ƙa'idata ita ce mamba da mai masaukin hedikwata. Sauran, in sun yi kyau, su samu shafin baya.

Mataki na bakwai: cirewa daga ambulan

Tukuna, tsaya ka duba ambulan ɗin. In hatimin ya nuna ranar da kan sarkin ya fara fita, ko an buga shi a wurin taron ƙungiyar, ko a ofishinta, ko kuma ambulan ɗin na ɗauke da tambarinta, to kada ka taɓa shi. Ajiye shi ɗungurungum, ya fi kan sarkin shi kaɗai daraja nesa ba kusa ba. Kan sarkin OAU mai hatimin Addis Ababa na 25 ga Mayu, cire shi ɓarna ce.

In ambulan ne na yau da kullum, yanke kewayen kan sarkin da almakashi, ka bar tazarar kamar santimita ɗaya. Zuba ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi kaɗan a faranti mai zurfi, ka saka 'yan kaɗan, fuskarsu sama. Bayan minti 10 zuwa 15 za ka ga takardar ta fara zamewa da kanta. Kada ka ja. In bai saki ba, ƙara masa lokaci. Ɗauraye shi a ruwa mai tsabta don ragowar gam ya fita, ka kifa shi a kan takarda mai shan ruwa, in ya sha iska ka sa shi tsakanin fararen takardu biyu ka danne da littafi mai nauyi ya kwana. Ambulan ja ko kore ko ruwan ɗorawa, jiƙa shi shi kaɗai, domin launinsa na zuba ya rine sauran. Na zamani masu manne kansu da yawa ba sa sakuwa a ruwa, yanke su da kyau ka bar su a kan takardarsu.

Mataki na takwas: jerawa

A nan ne tarin ke zama tari. Yawancin albam ɗin da ake sayarwa ƙasa-ƙasa suke jerawa, wannan kuwa yana kashe armashin fannin. Jera biki-biki. Shafi ɗaya ko biyu ga kowace shekara, ƙasashe na bin juna a ciki.

Ga misali. A saman shafi ka rubuta: OAU, shekara 10, 1963 zuwa 1973. Ƙasa da shi layi biyu kan inda aka kafa ta da adadin waɗanda suka kafa. Sai gurabe, kowanne da sunan ƙasa a ƙarƙashi, da ranar fitowa, da kuɗin da ke jiki, da lambar katalog, duk da fensir. Gurbin da ba ka samu ba tukuna, zana masa akwati ka bar shi fayau. Da ka cika rabin shafi za ka fara ganin abin da ba a gani in suna warwatse: wata ƙasa ta sa taswirar nahiya, wata tutoci, wata hannuwa a sarƙe, wata kuma ta cika fuskar da hoton shugabanta ta matse tambarin ƙungiyar a lungu. Haka za ka ga lokacin da ƙasashe suka yarda da zane guda, kamar yadda ƙasashen ASEAN suka yi a 2015.

Sabo mai gam a aljihun leda na musamman ake sa shi, wanda aka yi don kan sarki, domin kowane abin liƙi yana barin sawu, sawun kuwa na rage daraja. Wanda ya yi tafiya ana iya liƙa shi da ɗan filafilin takarda mai gam da dillalai ke sayarwa, a ɗan jiƙa shi kaɗan. Ƙananan takardu masu ɗauke da kan sarki biyu ko uku a tsakiya da rubutu kewaye, irin wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1955 don cika shekara 10, ba a yayyaga su, yadda suke ake ajiyewa.

Mataki na tara: ajiya

Laima ce babbar abokiyar gaba. Ita ke sa gam ya kama shafi, ita ke kawo fumfuna da jajayen ɗigo. Tsayar da albam a tsaye, kada ka jibge su kan juna. Nesanta su da bango mai danshi, da ƙasa, da hasken rana mai kashe launi. Jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi a cikin kabad, kuma lokaci-lokaci ka buɗe shafukan su sha iska. Leda mai laushi mai wari irin ta robar PVC tana lalata tawada a hankali, guje ta. Wanda ya riga ya kamu da ɗigo, ware shi daga sauran.

Na ƙarshe: tarbi masu zuwa

Kalandar da ka rubuta tana aiki gaba kamar yadda take aiki baya. A 2027 yarjejeniyar Rum za ta cika shekara 70, ASEAN 60. A 2029 NATO za ta cika 80, OIC 60. A 2030 OPEC za ta cika 70. Hukumomin gidan waya da yawa suna fitar da jadawalin abin da za su buga tun farkon shekara, duba shi a Janairu, ka sa alama. In ranar ta zo, sayi biyu-biyu: ɗaya na albam, ɗaya na musaya da mai tarawa a wata ƙasa mamba, wanda shi ma naka yake nema. Ka roƙe shi ya liƙa nasa a kan ambulan ya aiko ta gidan waya, ya kuma nemi ma'aikacin ya buga hatimin a hankali yadda kwanan wata zai fito.